Wa Ya Ce Kiɗan Chollom Hayaniya Ce?

Yayana Chollom direban bas ne a Bronx, can birnin New York. Shekara goma sha tara ke nan yana kai da kawo a kan titin Grand Concourse, har ya san tsofaffin da ke shiga da keken cefane da sunayensu. Idan ka taɓa shiga bas ka ga direba mai furfura a gemu yana kaɗa sitiyari da 'yan yatsu duk lokacin da danja ta tsayar da shi, kansa yana bin wani kiɗa da shi kaɗai yake ji, to ka ga yayana. Ni ce Salome, autarsu, ina aikin jinya a wani gidan tsofaffi. Ni na fi kowa cancantar ba da labarinsa, domin rabin wahalar da ya sha ni na jawo masa ita da bakina.

A Bukuru aka haife mu, kusa da Jos. Babanmu makanike ne, mamarmu kuwa malamar Hausa ce a firamare, irin malaman nan da ba sa tashi daga aiki ko sun dawo gida. An san yadda ake tsokanar mu mutanen Filato cewa ba mu raba mace da namiji a Hausarmu. Mama ta ɗauki wannan tsokana da zafi. Ka kuskura ka ce "Mama ya dawo", kafin ka rufe baki ka ji rula a bayan hannunka. Haka muka tashi da kunne a buɗe. Duk wanda ya ce "ya" a inda ya kamata ya ce "ta", sai mu gyara masa a zuci ko da ba mu buɗe baki ba. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Da gwangwanin madara da murfin tukunya Chollom ya fara kiɗa. Yana shekara goma sha biyu aka ɗora shi kan gangunan coci, saboda mai kiɗan ya shiga soja. Dattawa suka yi ta ƙorafi cewa yaron nan yana dukan ganga kamar ta zage shi, amma matasa suka daina makara. Daga baya wani ɗan jami'a ya ara masa kaset na kiɗan rok, ya saurara har kaset ɗin ya tsinke, ya liƙe shi da jan farcen Mama ya ci gaba da saurare. A 2001 ya ci ƙuri'ar biza, ya sauka New York da jaka ɗaya da sandunan kiɗa biyu. Ni na biyo shi bayan shekara biyar.

Aminansa uku ne, kuma duk a gidan wanki ya tsince su, wani mai injuna ashirin a Morris Heights inda ake cika ranar Asabar da safe. Wata rana yana zaune yana kaɗa murfin inji yana jiran kayansa, sai wani ya ce masa da Hausa ya bar injin ya huta mana. Chollom ya ce ya kusa faɗowa daga kujera don murna, wata takwas bai ji Hausa a bakin baƙo ba. Mai maganar shi ne Saani, ɗan zangon Kumasi, mai aski, wanda ke kaɗa jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes. Surutunsu ya jawo Yafet, mutumin Billiri mai aikin gwajin jini a asibiti, shi ma ashe makaɗin jita ne. Bayan 'yan makonni wata ɗaliba da ke ninke zannuwa a gefe tana rera waƙa ƙasa-ƙasa ta gaji da yin kamar ba ta jin su, ta tanka musu. Ita ce Balki, 'yar Dogondutsi a Nijar, tana zaune a gidan wanta Yacouba, direban tasi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, su huɗun nan sun shekara ashirin tare, suna, biki, jana'iza, ƙaura daga gida zuwa gida, amma ba su taɓa hawa dandali ɗaya ba. Kowa da tasa ƙungiyar. Chollom ya haɗu da wasu Amurkawa biyu suka kafa ƙungiya, ya sa mata suna Gada Biyu, turawan suka yi ta fama da furta shi har suka saba. Saani yana tare da wasu a Harlem, Yafet ya koma Flatbush yana kiɗa da mutanen can, Balki kuma ta kafa tata mai suna Tsakar Rana. Duka irin kiɗan rok ɗin nan suke yi na masu cin gashin kansu, wanda ake kira indi. Ba wani babban kamfani a bayanka. Kai ne mai waƙa, kai ne mai ɗaukar kaya zuwa jirgin ƙasa, kai ne mai sayar da riga a bakin ƙofa. Ba su yi arziki ba, amma a ƙananan gidajen kiɗa na Brooklyn an san sunan kowannensu.

Ni na san abin da ke ran yayana. Tun ranar da ya ji muryar Balki a gidan wanki yake son ya yi kiɗa a bayan wannan murya, ko sau ɗaya ne. Muryar tana da ɗan kaushi a ƙasa, sannan ta hau sama ba tare da ka ga inda ta taka ba. Ya kan ce mini duk mawaƙan da ya yi wa kiɗa tsoron gangarsa suke, sai ya riƙa rage hannu, amma Balki kaɗai ce za ta iya tsayawa a gabanta. Shekara shida yana juya maganar a ransa kafin ya yi ƙarfin hali a 2009.

Ko da ya yi ƙarfin halin, bai je da kansa ba. Ku tuna inda muka fito. Shi magidanci ne, Kirista, ita kuma budurwa ce Musulma a gidan wanta. A ganinsa bai dace ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce yana son ta riƙa bin sa wuraren kiɗa ba. Sai ya yi abin da aka koya mana a gida, ya nemi ɗan aike. Ya aiki Saani, tunda shi Musulmi ne kuma suna gaisawa da Yacouba a masallaci.

Ina kicin ɗin Chollom ina soya doya ranar da Saani ya bugo waya. Daga gidan su Balki ya fito, ya hau jirgi mai lamba huɗu zai wuce Manhattan sayen kayan aski. Chollom ya sa wayar a sifika, ƙarar jirgi ta cika kicin. Muka ji Saani yana ɗaga murya, har da "cale" ɗinsu na Kumasi, wato aboki:

"Na je gidan, cale. Ya ce kiɗanka hayaniya ne, ba zai..."

Shi ke nan. Duk wanda ya san wannan jirgi ya san da zarar ya wuce filin ƙwallo a titi na 161 sai ya nutse cikin ƙasa, kuma a wancan zamani waya ba ta aiki a ƙarƙashin ƙasa. Chollom ya tsaya da wayar a hannu, ya tambaye ni wa ya ce. Ni kuwa, 'yar malamar Hausa, sarkin gyara, ban ko juyo daga kan kasko ba. Na ce ai ya san Hausar Saani, mutumin da ke cewa "matana ya tafi kasuwa". Wurin Balki aka aike shi, to Balki yake nufi. Na ma ƙarasa masa jimlar: ba za ta zo ba.

Yayana ya ajiye wayar. Ya ci doyar nan ba barkono, ya tashi ya tafi aiki. Da yamma Saani ya sake kira, Chollom ya tare shi tun kafin ya fara, ya ce ya ji, a bar maganar, kada ya ƙara zuwa gidan, kada kuma ya ƙara tayar da ita. Saani mutum ne mai kara, bai ƙara ba.

Shekara goma sha huɗu aka yi a haka. Chollom bai fasa zumunci da Balki ba ko na rana ɗaya. Ya je bikin aurenta, ya ɗauki firijinta a baya ya hau da shi hawa na biyar, ya je duk wasan da ta yi ya tsaya can baya ya tafa. Amma maganar kiɗa ba ta ƙara haɗa su ba. Idan an zo hira aka ambaci ganga, sai ya tashi ya ce zai duba mota. Ni kuwa na riƙe ta a raina, ba zan ɓoye ba. Duk Kirsimeti idan ta zo gidanmu, ni ke rabon abinci, kuma na san wadda nake zuba wa wuyan kaza. Ta kan yi godiya har da cewa ita dama wuya take so, abin ya ƙara ba ni haushi.

A farkon 2023 Gada Biyu ta watse, ba da faɗa ba. Ɗaya baturen ya koma garinsu, ɗayan ya haifi tagwaye. Chollom ya kusa hamsin, ya ce ya gaji da neman sababbin yara yana rage musu hannu. Ya je wurin fasto ya ce ya ba coci gangunansa, jajayen nan da ya tara ɗaya bayan ɗaya tun zuwansa ƙasar. Aka sa rana, Lahadin ƙarshen watan Maris, motar coci za ta zo ta kwashe. Na yi masa faɗa, matarsa ta yi masa faɗa, ya ce ya gama magana. Na ga ya goge su tas ya jera a falo, ya kan wuce ya ɗan taɓa fatar da yatsa ɗaya idan ya ga ba mai kallonsa.

Saura kwana takwas aka yi walimar sunan 'yar Saani, Ilham, a wani zaure da aka kama a Grand Concourse. Rana tsaka ce, wuri ya cika da 'yan zango, ga shinkafa da wake irin nasu, ga tuwon zafi. Mu biyar muka zauna teburi ɗaya, Yacouba kuma, wanda ya zama dattijo mai tasbi, yana teburin kusa. Saani ya zo bakinsa har kunne yana ba mu labarin haihuwar: matana ya fara naƙuda da asuba, likita ya ce kaza, nas ya ce kaza. Balki yanzu tafinta ce a asibiti, aikinta ke nan ta tabbatar wa ya ce me, sai ta yi ta tsayar da shi tana tambaya likitan mace ce ko namiji. Aka yi ta dariya. Chollom ma ya yi, sannan ya ce, yana kallon faranti, shi tun 2009 ya haddace Hausar Saani. Idan Saani ya ce "ya ce kiɗanka hayaniya ne", to ka san mace ce ta faɗa.

Ya faɗe ta ne da sigar wasa, amma muryarsa ba ta yi wasa ba. Balki ta ajiye cokali.

"Wace mace?" in ji ta, da Hausarsu ta Dogondutsi. "Wa yac ce haka?"

Chollom ya ce abu ya wuce, ba komai, kowa da ra'ayinsa. Ta ce ba ta tambaye shi ko ya wuce ba. Sai ya ɗago ya dube ta ya ce, "Ke mana, Balki."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya sau uku a cikin numfashi ɗaya ba sai ranar. Ta juya kan Saani. Saani ya dafe kai da hannu biyu, ya yi salati, ya fara bayani yana haɗawa da Turanci da yaren Tuwi na mutanen Kumasi. Ashe ranar da ya je Balki ba ta gida, tana makaranta. Yacouba ne ya buɗe ƙofa, an tashe shi daga barci bayan ya kwana yana tuƙi, ya ji an ambaci ganga, ya ce kiɗan Chollom hayaniya ce, ba zai bar ƙanwarsa ta shiga ba. Ƙarshen jimlar ke nan da jirgi ya haɗiye. Saani ya yi niyyar komawa ranar Asabar ya sami Balki da kanta, amma da Chollom ya ce a bar maganar, sai ya ɗauka girmama maganar babban wa yake yi. Sau ɗaya tak a rayuwarsa Saani ya ce "ya" yana nufin namiji, mu kuma muka gyara masa.

Aka juya wurin Yacouba. Ya ce shi bai ma tuna ba, amma in dai an ce ya faɗa to ya faɗa, kuma har yau hayaniya ce. Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Yafet ya yi dariya har ya sauka daga kujera ya riƙe ƙafar tebur. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tashi a gaban kowa na ce ni ce na fassara, ni ce na ƙarasa jimlar, kuma ni ce mai wuyan kaza. Balki ba ta yi dariya ba. Idonta ya kawo ruwa, ta ce ita kuma shekara goma sha huɗu tana kallon Chollom yana gayyatar kowa, har da wata yarinya da ba ta iya riƙe murya ba, bai taɓa gayyatar ta ba. Ta ɗauka muryarta ce ba ta yi masa ba. Waƙoƙi nawa ta rubuta tana jin gangarsa a kunnenta, ta ba wasu suka kaɗa mata su a sanyaye.

Kowa ya ɗauka an gama, sai a sa ranar fara gwaji. Saani har ya fara cewa akwai ɗaki a ƙarƙashin shagonsa. Balki ta goge ido, ta gyara ɗankwali, ta ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar:

"Bon. Amma har yanzu ba wanda ya tambaye ni."

Ta ɗauki jakarta ta tafi gaida mai jego.

Za ka ce abu ne mai sauƙi, mutum ya buɗe baki ya yi tambaya ɗaya. Ba ka san yayana ba. Mutumin da ke iya tsawata wa bas cike da 'yan makaranta ya kasa danna lamba goma. Litinin ya ɗauki waya ya ajiye. Talata ya rubuta saƙo mai tsawon wasiƙa ya goge. Laraba, ba kunya ba tsoron Allah, ya zo ya ce in je in yi masa magana da ita. Na ce ni da fassara har abada, amma da ya matsa na je. Balki ta ba ni shayi, ta ba ni cinyar kaza guda, da gangan, sannan ta ce ba ta karɓar ɗan aike, ɗan aike ya riga ya ci mata shekara goma sha huɗu. Na dawo na faɗa masa kalma da kalma, har da wanda ya ce da wadda ta ce. Gangunan dai suna nan jere a falo, kuma bai kira fasto ba. Na fara tsorata da gaske, don na san shi, zai iya barin motar nan ta zo ta kwashe su saboda nauyin baki kawai.

Abin da ya faru ranar Juma'a daga bakinsu su biyun na ji, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Da misalin ƙarfe biyu na rana ya tsaya a wata tasha, ƙofa ta buɗe, sai ga Balki da katin aikinta a wuya. Ta biya kuɗin mota, ta ce masa sannu da aiki kamar kowane fasinja, ta zauna a kujerar farko inda yake ganin ta a madubi. Ya ce tunda yake tuƙi bai taɓa jin Grand Concourse ta yi masa tsawo irin na ranar ba. Mutane suna hawa suna sauka, ita tana zaune, jaka a cinya. Yatsunsa ma sun ƙi kaɗa sitiyari. Aka kai tashar ƙarshe, kowa ya sauka. Ya sanar da Turanci cewa nan ce tashar ƙarshe, ya maimaita, ta dube shi a madubi ta gyara zama.

Ya kashe mota, ya taso, ya riƙe ƙarfen da fasinja ke riƙewa, gumi yana keto masa a cikin sanyin Maris.

"Balki," in ji shi, "za ki yi waƙa in yi miki kiɗa?"

"Da ni kake, ko da Yacouba?"

"Da ke nake."

"To ka saurara da kyau, don kada a fassara maka. Ni, Balki, mace, ni ce nac ce na yarda."

Ya ce bai san lokacin da ya danna hon ba. Wani direba da ke hutawa a gefe ya taso a guje yana tambaya ko lafiya.

A daren bai yi barci ba, in ji matarsa, amma ba wannan ne labarin ba. Da safe ya je wurin fasto yana sunkuyar da kai. Faston ya saurare shi har ƙarshe, ya yi dariya, ya ce gangunan sun riga sun zama na coci, amma coci ta ba shi aron su har ranar da hannunsa zai gaji, da sharaɗin ya zo ya kaɗa musu a bikin Ista.

Ranar Lahadin da motar za ta zo, maimakon haka motar Yafet ce ta zo. Muka kwashi gangunan zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin shagon askin Saani, wurin da ke warin man gashi da danshi. Ni aka ba aikin riƙe ƙofa da kawo ruwa, ban yi musu ba, na san laifina. Balki ta buɗe wani tsohon littafi ta ce ga waƙar da ta rubuta a 2010, ta nuna wa Yafet da Saani yadda take tafiya. Chollom ya fara a hankali, yana rage hannu kamar yadda ya saba. Ta tsayar da kiɗan ta ce ba wannan ta jira ba, ya buga yadda Yacouba zai ji daga gida.

Jama'a, na ji kiɗa a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na wannan rana ba. Chollom ya saki hannu gaba ɗaya, kwalaben man gashi suka fara rawa a kan kantar shago a sama, muryarta kuma ta hau kan gangar ta zauna daram. Bes ɗin Saani yana shiga ta tafin ƙafata. Yafet, wanda kullum fuskarsa kamar mai karanta sakamakon gwaji, yana tsalle yana buga kai da bututun ruwa. Da suka kai ƙarshe kowa sai haki yake. Sai muka ga masu jiran aski sun sauko sun cika matakala, wani da rabin kai a aske. Chollom ya dube ni yana dariya irin wadda rabona da ganin ta tun muna Bukuru, ya ce a sake.

Daga nan abu ya tafi da gudu. Kowace Lahadi bayan coci suna can har la'asar, a tsaya Balki da Saani su yi salla, a ci gaba. A wata biyu suka haɗa waƙa tara, Hausa uku a cakuɗe, ta Jos da ta Kumasi da ta Dogondutsi, da ɗan Faransanci da Turanci a tsakani. Aka kafa doka ɗaya: duk lokacin da Saani ya ce "ya", kowa sai ya tambaye shi "wa?" kafin a ci gaba. Daga nan sunan ƙungiyar ya fito, Wa Ya Ce. Wani mai rubutu kan kiɗa a intanet, wanda ya san tsofaffin ƙungiyoyinsu, ya ji labari ya rubuta cewa an kafa sufagurup a Bronx, wato ƙungiyar da taurari suka haɗu. Na karanta musu a shago, muka yi ta dariya. Taurarin nan dai direba ne da mai aski da mai gwajin jini da tafinta. Amma na lura Chollom ya sa an buga masa rubutun a takarda, yana ninke a aljihun rigar aikinsa.

Wasansu na farko a bikin unguwa aka yi, wata Asabar a watan Yuni, ƙarfe huɗu na yamma, a wani filin shaƙatawa da ke gefen Grand Concourse. Mun yi zaton mutum ɗari. Ban san nawa suka zo ba, na dai san riga sittin na kawo kuma kafin a fara saura tara. Matan zango sun zo da kujerunsu, 'yan cocinmu sun zo da fasto, samarin Brooklyn masu gemu da jakar yadi sun zo a jirgi, direbobi sun zo da kayan aiki a jikinsu. Har tsofaffin nan masu keken cefane na gani, suna nuna dandali suna cewa direbansu ne. Yacouba ya zo da wuri ya kama layin gaba, ya ciro auduga ya toshe kunnuwa biyu a gaban kowa. An ce a waƙa ta uku ya cire ɗaya, shi dai ya musanta.

Ni ban ga komai ba. Gajeriya ce ni, kuma teburin riguna yana can baya, bayan mutane sun miƙe tsaye sai ƙeya kawai nake gani. Da kunne na yi kallo. Na ji sandunansa sun haɗu sau huɗu, na ji filin ya ɗauka, na ji matan zango suna guɗa a kan kiɗan rok, abin da ban taɓa zaton zan ji ba. Na yi rawa ni kaɗai a bayan tebur har takalmina ya tsinke. A waƙar ƙarshe, ta 2010 ɗin nan, akwai wurin da kowa ke yin shiru a bar ganga da murya su biyu kawai. Na ji muryar ta ɗan karye a wurin, gangar ta riƙe ta, ta tashi ta ƙarasa. Na so in ga fuskar yayana a wannan lokaci fiye da komai, ban samu ba.

Saani ne ya fara ratso mutane ya iso wurina, jiƙe da gumi, bes a rataye a baya, yana neman ruwa. Na riƙe robar na ce sai ya gaya mini abin da ya faru a waƙar ƙarshe. Ya yi haki, ya share fuska da gefen riga.

"Ya yi kuka," in ji shi.

Bakina har ya buɗe zan gyara masa. Na rufe shi, na yi abin da ya kamata in yi tun ina soya doya a 2009.

"Wa?"

Saani ya karɓi ruwan ya sha rabi.

"Dukansu biyu," ya ce.